Ɗan Farin Da Ba Ya Cikin Littafi

Kada kowa ya ce mantuwa Sa'adatu ta yi. Macen da ta binciko sunan mutumin da ya sassaƙa wa kakanta jirgi, ita ce za ta manta da mutum sukutum, mai rai, mai 'ya'ya da jikoki? Ina! Da saninta ta yi, abin da ya hana ta sakat ke nan.

Malamar tarihi ce a wata makarantar 'yan mata a Yelwa. Shekara biyu ta kwashe tana harhaɗa tarihin gidansu, zuri'ar Muhammadu Mai Jirgi na Gungun Tsamiya, tsibirin da ruwan Kainji ya shanye tun ba a haife ta ba. Ba inda ba ta taka ba. Ta je Shanga wurin tsofaffin da suka yi fito tare da kakan nata, ta zauna a tabarma har ƙafafunta suka yi tsami, tana jiran wani kurman tsoho ya tuno ko wace ce uwar Mai Jirgi. Ta je Kaduna ta shaƙi ƙurar takardun Turawa. Da ruwa ya ja baya ta hau kwalekwale aka kai ta inda gungun yake a da, ta ga kututturen tsamiya da duwatsun niƙa sun leƙo daga cikin laka, ta ɗauki hoto tana share ƙwalla. In mutum biyu suka saɓa a kan shekarar da aka yi fara, sai ta nemo na uku. Har tsiya ake yi mata a gida, wai ko kaza aka yanka sai Sa'adatu ta tambayi sunan uban kazar.

Wanda ya ɗauki nauyin aikin Bappa Sani ne, wan babanta, mai sayar da injin jirgi a bakin kasuwa. Yana neman masu jiragen fito su ba shi shugabancinsu, yana kuwa so a gani a rubuce cewa shi ne babban ɗan Mai Jirgi. Rabin gari ma haka suka ɗauke shi. Amma ba shi ba ne.

Mai wannan sani ita ce Inna Aishatu, matar Mai Jirgi, kakar Sa'adatu, wadda ta haura tamanin da idonta garau. 'Yar Kambari ce daga duwatsun Ngaski. Aure ya kawo ta gungu, ta musulunta, ta koyi zaman gidan Hausawa, ta kuma riƙe alkunyar ɗan fari fiye da waɗanda suka koya mata. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Wasu matan in shekaru suka ja sai su sassauta. Ban da Inna. Sunan yankan yaron Yusufu, to tun ranar suna wannan suna ya haramta a bakinta. Akwai wani Yusufu mai kifi da yake kawo mata ragon ruwa, shekara da shekaru ba ta kiransa sai Mai Suna. Ko a wurin tafsiri aka zo kan Annabi Yusufu, sai ta ce Annabin nan kyakkyawa.

Da aka yaye yaron aka kai shi riƙo wurin mahaifinta a kan dutse, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Sai ruwa ya zo. Ana ta kwashe kaya, ana rabon sababbin gidaje, kowa na ta kansa, ba wanda ya hau dutse ya ɗauko shi. Can ya girma, can ya yi noma, can ya shiga majami'a aka yi masa baftisma da suna Samuel. Jama'a kuma suka dubi tsawonsa suka ce Dogo, shi ne ya bi shi.

Ranar da Sa'adatu ta zo ɗaukar maganar Inna, ta ajiye waya a kan tabarma ta ce, "To, Tsohuwa, lissafo mini su. Daga na farko."

Inna ta juya fuska wajen bango. Ta gyara ɗankwali, ta shiga kakkaɓe zanin da ba komai a kansa. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Bayan wancan, sai Sani."

Daga nan baki ya buɗe. Sai wadda ta koma tun tana goye, sai uban Sa'adatu, sai tagwaye, kowa da shekarar da aka haife shi da abin da ya faru a shekarar. Sa'adatu ta ji "bayan wancan" sarai. Har murmushi ta yi, ta ce, "Tsohuwa, har yau?" Inna ta kai mata duka da mafici.

Da ta kai wa Bappa Sani rubutun kafin a buga, ya sa tabarau, ya duba reshen farko, ya cire tabarau.

"Ɗiyata, mi anka ce ki rubuta? Ba abin da Inna ta hwaɗi da bakinta ba?"

"Shi ne, Bappa."

"Ta kama sunan wani kahin nawa?"

"Ba ta kama ba, amma ai ka san..."

"To, ƙare. Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Sunayen da kunnenki ya ji, su za ki sa. Ko so kike a buɗe littahi gaban malamai a ga Samuel bisa kan gidan Mai Jirgi?"

Ba tsawa ya yi mata ba, ba barazana. Da ta ce a'a, iyakaci ya ɓata rai wata biyu. Amma mai buga littafi na jira, ita kuma tana ɗokin ganin sunanta a bango, tana hango ranar da za ta ajiye shi a teburin shugabar makaranta. Sai ta samo wa kanta mafita irin ta masu ilimi: ai ƙa'idar aikin ita ce a rubuta abin da mai ba da labari ya furta. Ta goge layin. Ko minti ɗaya bai ɗauke ta ba.

Aka yi taron ƙaddamarwa a ƙarshen damina, aka ci shinkafa, aka tafa mata. Bappa Sani ya sami abin da yake nema.

Dogo kuwa yana da al'ada. Duk kaka yakan sauko da damin sabuwar dawa da goran zuma, haka kuma duk Sallah yakan zo gaisuwa, ko da yake ba Sallarsa ba ce. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Yaya, ina wuni," don bai taɓa ce mata Inna ba. Ita kuma ta dubi wani wuri, ta ce da duk wanda ke kusa, "A tambayi baƙon ga ya ya baro mutanen gida." Baƙo fa! Alhali tun asuba ta sa an dama fura da nonon da ta hana kowa taɓawa, an shimfiɗa tabarmar da ba a shimfiɗa wa ko Bappa Sani.

Kakar bana bai nufi gida ba. Makaranta ya zo, da hantsi, ana tsakar darasi. Mai gadi ya kira Sa'adatu, ta fito ta same shi tsaye a gindin dalbejiya, dogon tsoho mai furfura, da wata leda a hammata. Tun daga nesa ta gane abin da ke cikin ledar. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da sakin fuska, ya tambayi maigidanta da yara. Sannan ya zaro littafin. A Wara 'yarsa ta sayo masa, ya ce, kuma ya karanta shi tas. Mutumin da ya shekara arba'in yana karanta wa majami'arsu Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba littafin Sa'adatu ne zai gagare shi ba.

"Kin yi aiki, ɗiyata. Ban taɓa ganin gungun ba sai a hoton nan naki. Ashe tsamiyar tana nan."

"Kututturen ne kawai, Bappa."

"To. Abu guda na zo tambaya, ba rigima na kawo ba." Ya shafa bangon littafin da babban yatsa. "Na san ba za ta kama sunana ba. Wannan ba sabo ba ne. Amma da kika ce ta lissafa, ta ƙidaya ni?"

Wayar tana cikin jakarta, a kafaɗarta, da muryar Inna a ciki. Dannawa ɗaya ce. Amma in ta danna, tambaya ta gaba ita ce, to wa ya cire ni? Ga 'yan ajinta sun leƙo ta taga. Ga mutumin nan da yake kawo mata zuma tun tana rarrafe yana kallonta da idon yarda.

Ta ce, "Daga Bappa Sani ta fara."

Dogo ya gyaɗa kai sau biyu, a hankali, kamar wanda likita ya gaya wa abin da ya riga ya zarga.

"Ashe haka ne. Ni duk shekarun nan na ɗauka alkunya ce take yi mini." Ya mayar da littafin cikin leda, ya naɗe bakinta da kyau. "Ba komi. Koma wurin yaranki, kada su yi ta jira."

Da yamma wani mai babur ya sauke damin dawa da goran zuma a zauren gidan Inna, ya ce wani tsoho ne ya ba shi a tasha. Inna ta dubi kayan, ta dubi ƙofa. Furar da aka dama ta kwana ta yi tsami.

Daga ranar Sa'adatu ba ta ƙara jin daɗin kanta ba. Cire sunan laifi ne, ta sani, amma wannan da hannun Bappa Sani a ciki. Na gindin dalbejiya kuwa nata ne ita kaɗai, ba wanda ya sa ta. Ta ɗauki laifinta ta jibga wa tsohuwar da ba ta ji ba ba ta gani ba. In ta tsaya gaban allo tana ce wa 'yan mata tarihi amana ne, sai ta ji harshenta ya yi nauyi. In aka yabi littafin sai ta kawar da zancen. Kwalin da ya rage ta tura shi ƙarƙashin gado. Sau nawa ta shirya zuwa dutse? Yau jarrabawa, gobe yaro ba lafiya, jibi an ce hanyar ba kyau, akwai ɓarayin daji. Dalili dai ba ya ƙarewa ga wanda ba ya son tafiya.

Ƙaramar Sallah ta zo, Dogo bai zo ba. Inna ta sa aka shimfiɗa tabarmar, da la'asar ta sa aka naɗe. Ba za ta iya tambaya kai tsaye ba, sai dai ta kewaya.

"Mutanen dutse ba su sauko kasuwa ba bana?"

"Suna saukowa, Inna."

"Lahiya dai suke can? Ba a ji wani abu ba?"

"Lafiya lau."

"To, madalla."

Sai ta koma ta zauna tana fuskantar zaure. Abinci ma ta rage, tuwon da take tashi da malmala guda sai ta ɗan taɓa gefe ta ture. Matan gida suka ce tsufa ne. Sa'adatu ta san ba tsufa ba ne, ita ce.

Babbar Sallah ta faɗo a farkon damina. Nan ma shiru. Kashegari Sa'adatu ta kawo wa Inna soyayyen nama, ta same ta da littafin a cinya, ta riƙe shi a juye don ba ta karatun boko.

"Zamna. Kowa na ta yabon abin ga, ni ban ji mi ke ciki ba. Karanta min wurin ɗiyana."

Sa'adatu ta karɓa. Ta yi niyyar ta ƙara layin da baki, wa zai sani? Amma ƙaryar ta ishe ta haka nan. Ta karanta yadda yake: 'ya'yan Muhammadu Mai Jirgi, na farko Alhaji Sani.

"Sake."

Ta sake.

"Na hwarko wa?"

"Bappa Sani, Inna."

"Ni na hwaɗa maki haka?"

"A'a."

"Ya gani?" Ba ta faɗi wa take nufi ba, ba kuma sai ta faɗa ba.

"Ya gani. Ya zo makaranta da kaka, ya tambaye ni ko kin ƙidaya shi."

"Kika ce mi?"

Sa'adatu ta faɗa, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan takardar. Ta jira zagi, ta jira mafici, da ma a ce Inna ta tsine mata ta huta. Inna ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce, "Nemo mota. Gobe da sahe."

"Inna, ni zan je. Ga muryarki nan a waya, zan kunna masa, zan gaya masa ni ce."

"Bakin da ya ce mai ban ƙidaya shi ba, shi za ya koma ya ce na ƙidaya? Nemo mota."

Bappa Sani ya zo ya yi ta faɗa, tsohuwa kamar wannan a hanyar Wara da damina, in wani abu ya same ta fa? Inna ta dube shi ta ce, "Kai dai riƙe shugabancinka." Ya sa takalmi ya fita.

Mota ta kai su Wara, daga nan sai babur, Inna a tsakiya, Sa'adatu a baya ta rungume ta. Sai a lokacin ta ji yadda tsohuwar ta rame, duk haƙarƙari. Suka bi ta cikin laka da tsakuwa, suka haura, tafkin yana ta ƙanƙancewa a bayansu. A tungar su Dogo, matarsa Zipora ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta ga ko wace ce, ta zube ƙasa tana gaisuwa. Ta ce maigidan yana gona da yara, bari a kira shi. Inna ta ce a'a, a kai ta.

Labari ya riga su. Kafin su isa, matan tungar sun biyo baya, maƙwabtan gona sun dafa garemani sun tsaya. Dogo yana tsakiyar kunya da garma, ba riga, laka har gwiwa. Ya ɗago ya gan su. Ya ajiye garmar, ya tako, ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Yaya, ina wuni. Da kin aiko ai da na zo."

Sa'adatu ta riga kowa. Ta durƙusa a cikin lakar da atamfarta ta Sallah, ta faɗi komai, yadda Inna ta ce bayan wancan, yadda ita ta goge layin, yadda ta yi masa ƙarya a makaranta. Ta zaro waya.

"Bar shi, ɗiyata," in ji Dogo, ba tare da ya dube ta ba. "Ba sai kin wanke kowa ba. Tsohuwa ce, an ɗauko ta an wahalar da ita. Ni na riga na haƙura."

Bai yarda ba. A fili yake, ya ɗauka an shirya maganar ne don a lallashe shi.

Sai Inna ta saki hannun Zipora. Ta tako kunya ɗaya, ta tako ta biyu, ta tsaya a gabansa. Ta ɗaga kai ta dube shi tsakar ido, abin da ba wanda ya taɓa gani. Dogo ya ga leɓenta na motsi, ya gane abin da za ta yi. Ya miƙe zumbur, ya ɗaga hannu biyu.

"Yaya, a'a. Na yarda. Na ce na yarda, kada ki..."

"Yusufu."

Sunan ya fito a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta ja numfashi ta ƙara, da ƙarfi, yadda na bakin gona za su ji.

"Yusufu, kai na hwara haihuwa. Ranar Laraba, bisa gungu, ana ruwa. Ban taɓa ƙidaya ɗiyana ban hwara da kai ba."

Tana gamawa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sulale ta zauna a kan kunya, ta dunƙule wuri guda. Matan tungar duk suka sunkuyar da kai, wata tsohuwa ta juya baya. Ba wanda ya yi guɗa. Kowa ya san abin da ya gani: an sa tsohuwa ta tuɓe abin da ta yafa shekara sittin, a tsakiyar gona, gaban surukai da jikoki.

Dogo ya durƙusa kusa da ita yana kuka irin na manya, ba sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Ya daɗe a haka. Sa'adatu ta matso da gwiwa.

"Bappa, za a sake buga littafin. Sunanka ne zai zo farko, na yi alkawari."

Ya share fuska da bayan hannu, laka ta shafe masa kunci. Sai yanzu ya dube ta, ba da fushi ba, da ma fushin ne.

"Sa'adatu, ban gaji gida a wurinku ba, ban gaji jirgi ba. Abu guda nake da shi a gidan nan wanda ko Sani bai da shi: ni ne wanda ba ta faɗin sunansa. Wannan abu gudan ma kin sa ta kashe mini shi."

Ya juya ya ba uwarsa baya, ya ce a ɗora masa ita. Zipora ta taimaka, ya miƙe da ita a goye, fuskarta har yanzu a rufe, ya nufi gida jama'a na bin sa. Takalman Inna sun maƙale a laka inda ta tsaya. Sa'adatu ta zare su, ta bi bayan ayarin da su a hannu, ba wanda ya ce mata zo, ba wanda ya ce mata koma.